Feshin hanci mai sitiroyid: zai sa ni ƙiba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Argungu. Duk shekara da zarar an fara bugun shinkafa hazo ya sauka, sai hancina ya toshe, in yi ta atishawa tun asuba, majina tana zuba kamar ruwa, idona yana ƙaiƙayi. Akwai wani ɗan feshi da nake saya a kemis, yana buɗe min hanci nan take, amma yanzu in ban fesa ba barci ba ya yiwuwa. Da na je asibiti sai aka rubuta min wani daban, an rubuta mometasone a jikinsa. Kwana uku ina fesawa ban ga komai ba sai ɗan haɓo. Ƙanwata kuma ta ce sitiroyid ne irin sha-ka-fashe, zai kumbura ni. Sai na ajiye shi na koma na da. Na yi kuskure?

Mai karatu daga Argungu

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da lafiya. Gaskiya kin yi kuskure, amma irin wanda nake gani kusan kullum da hunturu. Kin ajiye maganin, kin riƙe wanda ya ƙara miki ciwon.

Ɗauko na kemis ɗin ki duba jikinsa. Ina kyautata zaton za ki ga xylometazoline ko oxymetazoline. Aikinsu matse jijiyoyin jinin da ke cikin hanci, shi ya sa cikin 'yan mintoci kike jin iska ta wuce. To amma in ƙarfinsu ya sake, jijiyoyin sai su buɗe fiye da da, hanci ya ƙara cushewa, ki sake fesawa, haka abin zai yi ta zagayawa. Ba a so a wuce kwana 5 zuwa 7 ana amfani da su. Na taɓa ganin wani direba da yake ajiye kwalba ɗaya a aljihu, ɗaya a mota, ɗaya ƙarƙashin filo. Yau shekara nawa kina saya?

Shi kuwa mometasone, da 'yan uwansa fluticasone da budesonide da beclometasone, ba buɗe hanci ne aikinsu ba. Abin da ke damunki alaji ne: jikinki ya ɗauki ƙura da ƙaiƙayin shinkafa, wataƙila har da garin alli a aji, a matsayin abokan gaba, sai fatar cikin hanci ta kumbura tana tsatso ruwa. Wannan kumburin maganin yake kwantarwa, kuma a hankali yake yi. Wasu sukan ji sauƙi bayan kwana biyu ko uku, amma cikakken amfaninsa yakan kai mako biyu ana fesawa kullum, ranar da hanci ya toshe da ranar da bai toshe ba. Ke kuma kwana uku kika ba shi.

Maganar ƙanwarki tana da tushe, ban ce ta yi ƙarya ba, don shi ma mometasone sitiroyid ne. Ƙwayoyin dexamethasone da wasu mata ke haɗiya don su yi jiki sitiroyid ne, kuma ɓarnarsu ba kaɗan ba ce: fuska ta cika, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Amma waccan ƙwaya ciki take shiga ta bi jini ko'ina. Feshi ɗaya na mometasone maikirogiram 50 ne kacal, a hanci yake tsayawa, abin da ke kaiwa jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In kin bi adadin da aka rubuta miki, ba zai ƙara miki ko awo ɗaya na ɗinki ba. Ga babba yawanci feshi biyu ne a kowace ƙofa sau ɗaya a rana, in abu ya lafa a rage zuwa ɗaya.

Haɓon nan kuma galibi daga yadda ake riƙe kwalbar ne. Yawancin mutane sukan ɗaga kai sama, su cusa bakin kwalbar ya nufi katangar da ta raba ƙofofin hanci biyu, su ja numfashi da ƙarfi. Katangar nan fatarta siririya ce, ga iskar hunturu ta riga ta busar da ita, ba wuya ta fashe. Ja da ƙarfin kuma yana tura maganin maƙogwaro, ki ji ɗaci, hancin bai samu komai ba. Ki fara fyace majina, ki girgiza kwalbar, ki ɗan sunkuyar da kai kamar mai duba yatsun ƙafa. Ƙofar hagu ki fesa da hannun dama, ta dama da hannun hagu. Hakan da kansa zai karkatar da bakin kwalbar wajen kunne. Sai ki shaƙa a hankali, kamar mai sunsuna turare a kasuwa. In haɓon ya ƙi tsayawa, dakata ki koma wurin likitan da ya rubuta.

Ki fesa bayan alwala, ba kafinta ba, don shaƙa ruwa zai wanke shi. Da azumi ki mayar da shi dare bayan isha'i, tunda sau ɗaya ne, kin huta da saɓanin malamai.

Rabuwa da na kemis ɗin shi ne mai wuya, ba zan ɓoye miki ba. Za ki yi kamar mako guda ko biyu hanci a cushe. Wasu sukan daina a ƙofa ɗaya tukuna, in ta buɗe su daina a ɗayar. Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa sosai: ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ki tafasa ya huce, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi a shafe, ki shaƙa kaɗan kaɗan ki fyace kafin ki fesa magani. Ki sa takunkumi in za ki bi ta wajen masu casa, ki kuma rage turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin kwana. Na san batun turaren ba zai yi miki daɗi ba.

In kina da gilakoma, wato hawan jinin ido, ko kina shan maganin ƙanjamau mai ritonavir, ko kina da ciki, ki faɗa wa likita kafin ki ci gaba. Kada a ba yaro naki. Idan kuma kin yi wata guda kina fesawa daidai ba canji, ko ƙofa ɗaya ce kawai take toshewa, ko majina ta zo da jini da wari, ko ƙirji ya fara kuka da dare, ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Birnin Kebbi ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Baɗi kada ki jira hazo ya sauka. Tunda kin san lokacinki, ki fara fesawa mako biyu kafin a shiga girbi.