Me ya sa lokacin gwajin saurin NumPy ke canzawa?

Malam, ka ce duk sanda ka auna saurin linalg (sashen lissafin matrix na NumPy, wato kundin lissafi na harshen Python) sai adadin lokacin ya bambanta. Ni ma na sha wannan a nan Maradi. Zafin Afrilu kan sa kwamfuta ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone, haka ma idan wuta ta ɗauke ta koma kan batir. Shi ya sa nake gwaji da asuba, a jone da caja, komai a rufe.

Masu haɗa NumPy suna auna nasu ne da wata manhajar gwajin sauri mai suna asv, tana maimaita kowane aiki sau da yawa. Ka sa OPENBLAS_NUM_THREADS (saitin da ke ƙayyade zaren aiki nawa lissafin zai yi amfani da su) ya zama 1, in ba haka ba lissafin linalg zai rarrabu a kan kowane ɓangaren furosesa, adadin ya yi ta rawa.