Kafin ka tura wa farfesa wasiƙa kan TMEM16

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri na biyu a bayokemistri, kana son zuwa nan Suwizalan ka yi na uku a kan furotin TMEM16, in duba maka wasiƙar da za ka tura wa farfesa. Na duba. Layi goma ka yi kana yabon mutumin, ba ka taɓo aikin furotin ɗin ba ko sau ɗaya. Irin wannan ko rabinta ba a karantawa.

Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta maiƙo ne ninki biyu, kuma ba barkatai yake ba: wani nau'i mai suna fosfatidilserin a ninkin ciki ake tsare shi. Idan kalshiyam ya yi yawa a cikin ƙwayar, sai ya maƙale a jikin furotin ɗin, can tsakiyar tantanin inda furotin ɗin yake zaune, ya sauya masa siffa. TMEM16 dangi ne na furotin, kowanne da aikinsa. TMEM16A, wanda ɗakunan bincike uku suka gano aikinsa a 2008, ƙofa yake buɗe wa ayon (ƙwayar zarra mai cajin lantarki) irin su kuloraid na cikin gishiri, shi ke nan. Ɗan'uwansa TMEM16F kuwa, da ɗakin Shigekazu Nagata a Kyoto ya bayyana a 2010, yana barin ayon ya wuce, kuma yana cakuɗa maiƙon ciki da na waje.

Ta yaya? A 2014 ɗakin Raimund Dutzler a Zurich ya fitar da siffar wani danginsu da aka samo daga funfuna. Sai ga tsagi a gefen furotin ɗin, yana fuskantar maiƙo. Kowane maiƙo yana da kai da jela; kan, mai son ruwa, shi ke bi ta tsagin, jelarsa tana ja a cikin tantanin, kamar yadda ake goga katin banki a gefen na'urar POS. A TMEM16A tsagin nan a rufe yake, ya zama bututu. To a TMEM16F, ayon da maiƙo hanya ɗaya suke bi, ko tsagin siffa biyu yake ɗauka? Har yau ana ja-in-ja, kuma a ganina nan ne ya kamata wasiƙarka ta mai da hankali.

Kada ka manta da jini. Fitowar fosfatidilserin a ninkin waje na filatilet, ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, ita ke hanzarta daskarewar jini. Wanda TMEM16F ɗinsa ya lalace yana fama da cutar Scott, jini ba ya saurin tsaya masa. Jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila kuma suna fitar da fosfatidilserin ɗin fiye da kima. Kai da ka girma a inda sikila ba baƙuwa ba ce, ka faɗi haka.

Batun kuɗi, ɗalibin digiri na uku a nan galibi albashi ake biyansa, sai dai hayar ɗaki a Zurich tana cin kaso mai tsoka. Ka sake rubuta wasiƙar, kada ta wuce rabin shafi, ka turo min kafin Juma'a. Gaida Hajiya.