Amsar Baffa kan hankakin tankin ruwa

Mamana, saƙonki ya iso. Wai hankaki biyu sun yi sheƙa a ƙarfen tankin ruwanku a Kubwa, kullum da asuba suna ihu, maƙwabciya ta ce mutuwa suke kira, a sa maigadi ya zubar da sheƙar, ke kuma kina tambaya ko haka al'adarmu ta ce. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don na tuna juna biyu gare ki, kuma mai ciki ba a barin ta da irin wannan magana a zuciya.

Ki fara da wannan: Manzon Allah (SAW) ya hana camfi da tsuntsaye. Kuma a Suratul Ma'ida, aya ta 31, hankaka Allah ya aiko yana tonon ƙasa, ya nuna wa ɗan Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa. Gaskiya ne yana cikin biyar ɗin da hadisi ya halatta kashewa saboda ɓarna, tare da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo. To wace ɓarna waɗannan suka yi miki, ban da hana ki barcin safe?

Mu da hankaka muka tashi. Kafin yaƙin basasa Goggo, wadda ta riƙe ni, tana sayar da tuwo ga leburorin kuza a gefen rafin Dilimi a Jos. Duk inda ake wanke tukwane suna nan, baƙaƙe da farin ƙirji kamar sun sa 'yar shara. Tsofaffi suna cewa hankaka ba ya ƙwai, 'yan tsaki yake sacewa ya rena su koma hankaki, shi ya sa ake masa kirari da "hankaka mai da ɗan wani naka". Wata shekara 'yan tsakin Goggo sun yi ta ɓacewa, sai yayana, ɗanta na fari, ya rantse sai ya hau ya gani da idonsa.

Sheƙar tana ƙolin wani dogon itacen turare, irin waɗanda aka dasa a wuraren haƙar kuza, jikinsa sumul, babu reshe sai can sama. Daf da saukar damina ne, bayan azahar. Ya cire takalmi, ya ɗaura rigarsa a ƙugu, ya kama hawa, ni ina ƙasa riƙe da allunanmu. Har ya yi rabi babu motsi. Sai uwar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, gajere, a jejjere. Kafin in ɗaga kai sosai hankaki sun taso ta ko'ina, har daga wajen mahauta, sun cika sama. Bai fasa ba. Ya leƙa sheƙar, ya kwaɗa mini kira, "Akwai ɗan wani! Wallahi akwai ɗan wani!" A nan ɗaya ya sauko ta bayansa ya kafta masa baki a tsakiyar kai, hularsa ta faɗo gabana. Yadda ya sulalo, fatar cinyoyinsa duk ta saɓule, jini yana bin bayan kunnensa. Da ya huce ya ce ya ga 'ya'yan hankaka, ya ga wani ƙwai kore-kore mai ɗigo da bai fashe ba, sannan ga wani ɗan tsuntsu daban, mai ɗigo-ɗigon fari a fiffike, yana buɗe baki tare da su.

Goggo tana gasa masa kai da ruwan zafi tana cewa, "Gidan da ake reno ba a leƙa shi da mugun ido." Ta ƙara da cewa hankaka ba ya mantuwa, kuma yana faɗa wa 'ya'yansa. Haka kuwa aka yi. Har damina ta wuce, in muka bi hanyar nan za mu makarantar allo, shi kaɗai suke bi da ihu, ni ko kallo ban ishe su ba. Ya sauya riga, ya ari hula, duk a banza. Na tsufa kafin in ji cewa a birnin Siyatil na Amurka, a 2006, masana sun sa fuskar roba suka kama hankaki suka sake su, shekaru bayan nan duk wanda ya sa wannan fuskar sai sun far masa da ihu, har da waɗanda ba a ƙyanƙyashe ba lokacin kamun. Goggo ko bihim ba ta sani ba a boko.

Batun ɗan wani kuwa, wani yaro da ke karatun tsuntsaye a dajin Amurum da ke Laminga, nan bayan Jos, shi ya warware mini. Hankaka yana ƙwai, uku zuwa shida, macen ta kwanta a kai kwana 18 ko 19. Yana cin ɗan tsako in ya samu, amma ba ya renonsa. Akwai dai wani tsuntsu mai tukku da doguwar wutsiya wanda ba ya yin sheƙa sam, sai ya faki ido ya ajiye ƙwansa a ta hankaka. Su kuma su ƙyanƙyashe, su ciyar da shi tare da nasu har ya tashi. Miji da mata sukan zauna tare shekara da shekaru, tare suke gini, tare suke kai abinci. Haka babban ɗan'uwansa yake, baƙi wuluk na ƙasashen sanyi, wanda a Landan ake ajiye aƙalla shida a tsohuwar hasumiyar sarauta don tsoron kada mulki ya faɗi. Kin ga su ma da nasu camfin.

Ni kirarin nan bai taɓa zame mini zagi ba. Ina ɗan shekara huɗu aka kai ni wurin Goggo, kuma sai da na yi wayo sosai na san ba ita ta haife ni ba. Kwano ɗaya, bulala ɗaya, kayan Sallah iri ɗaya. Yanzu ina duba zuri'armu, babu gidan da ke riƙon ɗan wani. Kowa ya ja katanga ya sa waya a kai, 'ya'yan wa da na ƙane sai a hoton waya suke sanin juna. Marayun marigayi ƙanen babanki suna Rikkos, Mamana, kuma ɗakunanku nawa ne a rufe? Ba faɗa nake miki ba, abin ne yake ci mini rai.

Sheƙar dai, in sun ƙyanƙyashe, wata ɗaya da rabi 'ya'yan sun tashi. Ki sa a duba murfin tankin ya rufu sosai, a daina barin shara a buɗe, don ita ta kawo su. Maigadin nan kuma ki tausaya masa kada ya hau yanzu, shi zai ci gaba da zama a ƙofar gidan suna ganin fuskarsa kullum. Ki gaida maigidan, ki ce ina son magana da shi kan yaran Rikkos kafin hutun makaranta.