Wane Fanni Zan Kama Idan Ina Son Sayar da Ilimi a Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar ofis ce, na iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, daidai gwargwado. Ina so in rubuta littafin PDF ko in ɗauki darussan bidiyo in riƙa sayarwa. Ƙawayena sun ce in rabu da Excel, wai kuɗin yana wajen maganar rage ƙiba da dabarun neman kuɗi. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawayenki ba ƙarya suka yi ba, akwai kuɗi a can. Sai dai dubban mutane sun riga ki baje koli, wasunsu likitoci ne, wasu kuma suna da kuɗin talla da ba ki da shi. Rage ƙiba ma harkar lafiya ce, wanda bai san kanta ba zai iya cutar da mutane. Ki riƙe abin da kika iya.

Amma kada ki sa wa darasinki suna "Koyi Excel". YouTube cike yake da irinsa kyauta. Abin da mutum ke biya wa kuɗi shi ne a raba shi da wani ciwon kai da ya dame shi. Ki tuna waɗanda ke zuwa teburinki riƙe da kwamfuta suna cewa, "Don Allah duba min, lissafin nan ya ƙi fita." Me suka fi kawowa? Idan malaman makaranta ne da ke kwana suna haɗa makin ɗalibai da hannu, to ga fanninki nan: yadda malami zai fitar da sakamakon aji guda, da jimla da matsayin kowane ɗalibi, a zama ɗaya. Malamin da ya ga wannan take ya san da shi ake.

Kafin ki ɗauki bidiyo ko ɗaya, ki yi bincike da wayarki. Ki fara rubuta matsalar a Google, ki lura da kalmomin da yake ƙarasa miki, don daga abin da mutane ke nema suke fitowa. Sai ki shiga Google Trends, shafin da ke zana layin yadda neman wata kalma a Google ke hawa da sauka, ki rubuta matsalar, ki zaɓi shekara 5 da suka wuce. A nan mutane ke ruɗewa: lambobin 0 zuwa 100 da yake nunawa ba yawan masu nema ba ne, 100 tana nufin lokacin da neman ya kai ƙololuwa. Layin da ya tashi sau ɗaya ya faɗi yayi ne kawai. Wanda ke dawowa duk ƙarshen zangon karatu, wannan buƙata ce.

Inda na fi ɓata lokaci ni kaina shi ne sharhin masu saye a Udemy, shafin sayar da darussan bidiyo, da Amazon. Ba na tsayawa kan masu tauraro 5, yabo ne zalla. Masu tauraro 2 da 3 nake karantawa, don su ne suka biya kuɗi kuma suka faɗi abin da ba su samu ba: malamin yana sauri, babu fayil na gwaji, misalan sun tsufa. Ki kwashe koke-koken nan a takarda, su ne babin darasinki. Ki kuma leƙa Ad Library, wato rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, yana nuna ranar da talla ta fara. Wadda ta yi watanni tana gudana, da wuya a ce asara mai ita yake tafkawa.

Daga nan ki haɗa darasi ɗaya gajere, ki sa masa farashi, ki tallata wa malamai goma. "Ya yi kyau" ba ciniki ba ne. Ki ƙirga waɗanda suka biya.

Tambaya: Malam, na binciki fannin da nake so, ban ga kowa yana sayar da komai a kai ba. Ba sa'a na taka ba?

Amsa: Wataƙila, ɗan'uwa, amma ni abin yakan sa in yi shakka. Sau da yawa wasu sun gwada ne ba su samu mai saye ba suka tattara. Don ka gwada, ka sanar cewa darasin zai fito nan da mako biyu, ka buɗe rajista da rangwame. Idan mutane suka biya, ka zauna ka haɗa. Idan mutum ɗaya ko biyu ne kawai, ka mayar musu da kuɗinsu ka nemi wani fannin.