Zauren Tambaya da Amsa: Jirgin da Ke Tsaga Ƙanƙara Ya Fito

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran janareta ne a Daura, shagona na kan hanyar Kongolam. Yaron shagona ya nuna mana wani bidiyo a waya: fili fari fat, ko kara babu, sai ga wasu baƙaƙen jirage uku sun tsago ƙasa sun fito. Aka ce jiragen yaƙin Rasha ne masu tafiya ƙarƙashin teku, farin filin kuma ƙanƙara ce. Musu ya kaure a majalisarmu, wasu na cewa haɗin kwamfuta ne. Ni dai na san in ka toshe wa inji iska, mutuwa yake yi. To wane irin inji ne ke aiki cikin ruwa wata da watanni? Kuma da wane ƙarfi yake fasa ƙanƙarar?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ka gaya wa 'yan majalisarku abin ya faru da gaske. A watan Maris na 2021 jiragen nukiliya uku na Rasha suka fito lokaci guda ta cikin ƙanƙara a Tekun Aktik, sojojin ruwan ƙasar kuma suka ce kaurinta ya kai mita ɗaya da rabi. Farin filin da kuka gani ba ƙasa ba ce. Can ƙuryar arewacin duniya teku ne mai zurfin kusan mita 4,000, sanyi ne ya daskarar da samansa.

Maganarka ta iska ita ce gindin zancen, kuma na ji daɗi da ta fito daga bakin mai riƙe da sufana. Shekarun da na yi ina koyar da fiziks a nan Katsina, da wannan tambayar nake buɗe darasin. Jiragen nitso na da, irin waɗanda aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da su, injin gas gare su, sak babban janaretan da kake gyarawa. In suna saman ruwa sai su tayar da inji su caja batir. In za su nutse sai a kashe inji, a koma kan batir, kafin wani lokaci kaɗan ya yi sanyi dole a taso a sha iska. Jirgi irin wannan in ya yi nisa ƙarƙashin ƙanƙara, ya shiga kabarinsa da ƙafarsa. Wani mai yawon bincike ɗan Ostareliya, Hubert Wilkins, ya gwada a 1931 da wani tsohon jirgi, bai kai ba ya juyo.

Shi na nukiliya ba ya ƙona komai, shi ya sa bai damu da iska ba, ba shi kuma da salansa. A tsakiyarsa akwai wata tukunyar ƙarfe mai kauri, cikinta sandunan yuraniyom, irin ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit, cikin Nijar maƙwabtanku, amma wanda aka tace ƙwarai. Ƙwayar zarra ta yuraniyom in ta tsage tana ba da zafi, tana kuma harbo wasu 'yan ƙwayoyi da za su je su tsaga na kusa da ita, haka abin zai yi ta bin juna. Akwai wasu sanduna masu shanye waɗannan 'yan ƙwayoyin: a zura su ciki zafi ya ragu, a ɗan zaro su ya ƙaru. Su ne totur ɗin injin. Kilo ɗaya na yuraniyom mai lamba 235, in ya tsage duka, zafin da zai bayar ya fi na tanka 60 ta man gas, irin mai cin lita 33,000.

Daga nan kuma duk aikin da ka sani ne. Ruwa na zagaya tukunyar yana kwasar zafi, an matse shi yadda ba zai tafasa ba, kamar dai yadda murfin lagireto ke hana ruwan mota saurin tafasa. Wannan ruwan ba ya fita daga bututunsa. Jikin bututun ne ke dafa wani ruwan daban, shi kuma ya zama tururi, tururin ya juya fanka mai ɗaruruwan fukafukai, ita ta juya farfela da janareta. Sai a sanyaya tururin da sanyin teku ya koma ruwa, a sake zagayowa. Jiragen Amurka samfurin Virginia, masu tsawon mita 115, wato sun fi filin ƙwallo, an yi tukunyarsu ne ta yi shekara 33 ba a sake mata mai ba.

Jirgin nitso na nukiliya na farko shi ne Nautilus na Amurka, wanda ya fara tafiya da ƙarfin nukiliya a Janairun 1955, bayan naci da tsananin wani hafsa mai suna Hyman Rickover. A Agustan 1958 ya nutse kusa da Alaska, ya ratsa ta ƙarƙashin tsakiyar ƙuryar arewa ranar 3 ga wata, ya ɓullo wajen Girinlan bayan kwana 4 bai ga sama ba. Shi wucewa kawai ya yi. Wanda ya fara fasa ƙanƙarar a daidai wurin shi ne wani jirgin Amurka mai suna Skate, ranar 17 ga Maris, 1959.

Yanzu mu zo kan fasawar, don a nan ne kusan kowa ke kuskure. Mutane na zaton jirgin yana ja da baya ne ya taho a guje ya tunkuyi ƙanƙara kamar rago. Duk kyaftin ɗin da ya yi haka, to ya kashe mutanensa.

Ka taɓa tsayawa ka kalli kiɗan ƙwarya a gidan biki? Mata kan kife ƙwarya a cikin ruwa, ta yi ta yawo a sama, don iska ta maƙale a cikinta. Na kan kai ƙwarya da baho aji. In sa yaro mafi ƙarfi ya danna ta ƙasa da hannu biyu, ya ji yadda take ture shi, yana sakinta ta yi tsalle ta watsa wa na gaba ruwa. Sai in huda bayanta da ƙusa, in toshe hudar da yatsa. Ina ɗage yatsa za ka ji iska na fita fiii, ruwa na shigowa ta ƙasa, ƙwarya na sauka a hankali. To tankunan da ke jikin jirgin nan ƙwarya ce a kife: ƙasansu a buɗe, samansu da bawul. A buɗe bawul, iska ta fita, ruwa ya shiga, jirgi ya nutse. A rufe, a hura matsattsiyar iska daga cikin tulunan ƙarfe, ta kori ruwan ta ƙasa, jirgi ya taso. Wannan turin da yaron ya ji a tafin hannunsa, shi ne ke fasa ƙanƙara, sai dai a nan abin da ke turowar ya kai nauyin tan dubbai.

Kafin a kai ga turin, sai an yi neman wuri, kuma shi ne aikin da ya fi cin rai. Ƙasan ƙanƙarar ba sumul yake ba. Iska da igiyar ruwa suna gwara faya-fayen ƙanƙara da juna, su tattaru, su yi tsini zuwa ƙasa, wani ya fi hasumiyar Gobarau tsawo, yana rataye cikin duhu. Jirgin ba shi da taga. Idonsa wata na'ura ce mai aika ƙara sama ta saurari dawowarta, irin amsa-kuwwar da kake ji in ka yi magana a bakin rijiya mai zurfi. Da ita ake gane kaurin abin da ke bisa kai. Ana so a samu inda ƙanƙara ta tsage ta bar ruwa a fili, ko inda ta sake daskarewa ba da jimawa ba, ba ta yi kauri ba tukuna. Wurin kuma dole ya ɗauki tsawon jirgin duka.

In an samu, sai a tsayar da jirgi cak a ƙarƙashinsa. Wannan ma ba wasa ba ne, don ƙanƙarar tafiya take yi, ruwan ma tafiya yake yi. A sauke madubin leƙe da duk eriyoyi cikin hasumiyar jirgin, wadda aka ƙarfafa kanta da ƙarfe na musamman. Fukafukan da ke gefe, a wasu jiragen a miƙar da su tsaye, a wasu a janye su ciki. A bar gindin jirgin ya ɗan yi ƙasa saboda farfela, don in ta karye a can babu mai jawo ka gida. Sannan a riƙa rage ruwa kaɗan-kaɗan, jirgi na hawa kamar mai sanɗa, har kan hasumiya ya taɓa ƙanƙara. A nan ne ake hura iska. Jirgi ya yi ta turawa, ƙanƙara na ƙara, har ta dare. In ta ƙi, a hakura a sauka a nemi wani wurin.

Ko bayan an fito, ƙofa ba ta buɗuwa sai an sare tulin ƙanƙarar da ke kanta da gatari da zarto mai inji. Mutum ɗaya kuma ya tsaya da bindiga yana gadi saboda wata ƙatuwar farar dabba ta yankin da Turawa ke kira polar bear, wadda ke iya kashe mutum.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a Katsina. Mutanen da ke cikin irin wannan jirgi, ina suke samun iskar shaƙa da ruwan sha? Kuma yaya suke gane gabas?

AMSA: 'Yata, wanda ke da wutar da ba ta ɗaukewa, teku ya zame masa rumbu. Ana tace ruwan gishiri ya zama na sha. Daga cikinsa kuma ake ratsa wutar lantarki a raba shi gida biyu, oksijin da haidurojin. Ki duba littafinki na kimiyya, gwajin yana nan. Oksijin a sake shi cikin jirgi, haidurojin a fitar da shi waje. Gurɓatacciyar iskar da mutane ke fitarwa, wata na'ura ce ke tsotse ta. Abin da ke dawo da su gida shi ne cefane. Abincin kamar wata uku ake lodawa, har kan hanyar wucewa ake jera gwangwanaye a riƙa takawa. Ganye da 'ya'yan itace su ke fara ƙarewa.

Tambayarki ta gabas ta fi yadda kike zato zurfi. Allurar kamfas rikicewa take yi a can, saƙon tauraron ɗan'adam kuma ba ya ratsa ruwa. Sai suka dogara da wata na'ura mai lissafa kowane motsi da kowace juyawa da jirgin ya yi tun daga inda ya taso, kamar makahon da ya haddace yawan takunsa daga gida zuwa masallaci. In kuma kika tsaya daidai tsakiyar ƙuryar arewa, babu gabas babu yamma, duk inda kika juya kudu kike kallo.

TAMBAYA: Malam, Najeriya na da irin wannan jirgi? Daga wani tsohon soja, Ƙofar Sauri.

AMSA: Ranka ya daɗe, ba mu da shi, ko na gas ɗin ma rundunar ruwanmu ba ta da jirgin nitso. Ƙasashe 6 ne ke da na nukiliya: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin da Indiya. Ni kuma ba na ganin shi ne buƙatarmu a yau, ga tsada ga haɗari. Kursk na Rasha ya nutse da mutum 118 a Agustan 2000, bayan makamin da yake ɗauke da shi ya fashe. Abin da nake so yaranmu su sani shi ne ilimin yana kusa da su. Akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana aiki tun 2004, ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai kacal. Da ita ake gwada ƙasar noma da duwatsu da ma'adinai a ga abin da ke cikinsu. In kana da jika mai son fiziks, ka sa shi a motar Zariya ya je ya tambayi yadda ake shiga fannin.