Tambaya da Amsa: Tsohon Benen Unguwar Reluwe a Ebute Meta

Tambaya: Ina sayar da tumatir a Oyingbo. An ce mini akwai wani tsohon bene a cikin unguwar Reluwe da ake zuwa kallo. Na wane ne, kuma yaya aka yi bai ruɓe ba duk da ruwan Legas? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, gidan Jaekel ake nufi. An gina shi a 1898, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo daga Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 1901. Babban manajan Reluwe ne ya fara zama a ciki, daga baya ya koma masaukin manyan ma'aikata. Sunan kuwa na Francis Jaekel ne, wani tsohon jami'in Reluwe. Ƙungiyar Legacy, mai kare tsofaffin gine-ginen tarihi, ta gyara shi a 2010, ya zama ƙaramin gidan tarihi mai tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgin ƙasa.

Sirrin daɗewar irin waɗannan gidaje a rufi da baranda yake. Rufin yana zarce bango sosai, barandar kuma mai faɗi ce, don haka ruwan sama ba ya dukan bango kai tsaye. Ɗakunan dogaye ne, tagogi suna fuskantar juna, iska ta shiga nan ta fita can, katako ya bushe kafin ya ruɓe. Filin da ke kewaye ma ba ado kaɗai ba ne. Shi ke ba iska hanya, ƙasarsa kuma ta shanye ruwa. Da za a malale shi da kankare, da ruwan ya koma gindin ginin.

Tambaya: To me ke kashe su?

Amsa: Danshi, sannan gara, domin gara jiƙaƙƙen katako take bi. Ɓarnar takan fara daga kwano ɗaya da ya huje ko indararon da ganye ya toshe. Babban kuskuren magina shi ne yaɓe tsohon tubali da siminti: danshi ya rasa mafita, tubalin ya dinga marmashewa daga ciki. Yaɓen farar ƙasa da yashi ya fi dacewa. Wani lokaci kuma ba ruwa ba gara, mutane ne. Ilojo Bar, wani tsohon bene da ke kusa da dandalin Tinubu a Legas, yana cikin gine-ginen tarihin ƙasa tun 1956, amma aka rushe shi a 2016.