Kati biyu a gida ɗaya: wanne za a miƙa wa likitan ido, wanne za a kai ɗakin magani?

Wata ma'aikaciyar banki daga Gwarinpa ta rubuto cewa: "Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya yi mana rajista da ni da yara uku a tsarin NHIA, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ni kuma wurin aikina ya sanya mu duka a wani kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa, irin wanda ake kira HMO. Babbar 'yarmu tana bukatar tabarau, ƙaramin yana da kogo a haƙori, maigidan kuma yana shan maganin hawan jini kullum. Yaya za mu yi da katunan nan biyu?"

Hajiya, katunan nan ba za su haɗu su biya kuɗin aiki ɗaya ba, domin kowanne yana da asibitin da ya amince da shi da kuma iyakar abin da yake ɗauka. Abin da ya dace shi ne ku raba musu aiki tun kafin bukata ta taso. Ki nemi takardar da ta lissafa amfanin tsarin wurin aikinki daga ofishin kula da ma'aikata, ki duba abubuwa uku: nawa aka ware wa ido a shekara, nawa aka ware wa haƙori, kuma ko adadin na kowane mutum ne ko na iyali baki ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne inda mutane da dama suke faɗawa, sai su tarar cewa aikin da aka yi wa yaro ɗaya ya cinye rabon sauran.

Game da tabarau, tsarin gwamnati yana ɗaukar gwajin ido da tabarau mai rahusa, amma ba ya biyan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Kamfanoni masu zaman kansu kan ware wani adadi, wasu sau ɗaya a shekara, wasu sai bayan shekara biyu, kuma abin da ya haura kai za ka cika. A ganina katinki ya fi dacewa a nan. Sai dai ki kula, a shagon tabarau akan fara nuna wa yarinya firam ɗin da ke saman kantar shagon, wanda shi kaɗai zai iya lashe kuɗin tun ba a zo kan gilashin ba. Ki sa a faɗa miki farashin gilashin tukuna, domin shi ne maganin, sannan a zaɓi firam da abin da ya rage.

Haƙorin yaron kuwa, ciko da cirewa ayyuka ne da yawanci ake ɗauka, saboda haka ki bi wanda asibitinsa ya fi kusa kuma layinsa ya fi sauƙi. A tsarin gwamnati sai an fara zuwa asibitin da kuka zaɓa, shi zai tura ku ga likitan haƙori bayan ya samo lambar izini daga kamfanin HMO da ke kula da rajistarku a tsarin gwamnatin, kuma a shekarar 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin da su riƙa bayar da wannan lamba cikin awa ɗaya. Dashen haƙori da sanya masa hula da aikin ƙara wa haƙora haske ba sa cikin abin da tsarin yake biya.

Maganin maigida shi ya fi bukatar natsuwa, tunda abu ne na kowane wata. A NHIA ma'aikaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar, kuma ana rubuta shi da sunansa na asali, kamar amlodipine, ba da sunan da wani kamfani ya raɗa masa ba. Tsarin masu zaman kansu sau da yawa ba ya karɓar ko sisi a hannu, amma yakan sanya wa magungunan ciwo mai daɗewa iyaka, wadda kan ƙare tun shekara ba ta fita ba. Don haka na fi karkata ga barin wannan magani a kan katin gwamnati, a ajiye naki domin watan da aka ce maganin ya ƙare a asibiti, abin da kowane mai kati ya san yana faruwa. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kai: likita ɗaya ya riƙe ragamar jinyar. Idan ana karɓo magani daga asibiti biyu, mutum yana iya haɗiye ƙwaya iri ɗaya sau biyu saboda kwalayen sun sha bamban, jininsa ya sauka fiye da kima.

Wani malami daga Kubwa, shi ma mai kati biyu, ya tambaya ko zai iya biya daga aljihunsa, sannan ya kai rasit ga kamfanonin biyu. Malam, inshora tana mayar da abin da aka kashe ne kawai, kuma karɓar kuɗin rasit ɗaya daga wuri biyu zamba ce da za ta iya sa a soke rajistarka. Ko kamfani ɗaya ma ba ya cika mayar da kuɗi idan ba a nemi izininsa kafin aikin ba, in ban da larurar gaggawa, saboda haka ka kira su kana tsaye a asibitin, ka rubuta lambar da suka ba ka.

Wani magidanci daga Nyanya kuma, mai aikin gwamnatin tarayya, ya tambayi yadda zai sanya iyalinsa duka a tsarin NHIA: yana da mata biyu da 'ya'ya bakwai, uwargidansa ita ma ma'aikaciyar tarayya ce. Alhaji, rajistar ma'aikaci tana ɗaukar shi kansa da mace ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ba a yi wa mutum ɗaya rajista sau biyu. Tunda uwargida tana da nata gurbin, ta ɗauki 'ya'yan da ta haifa, kai kuma ka sanya amarya da sauran yaran. Idan har akwai wanda bai samu shiga ba, ana iya biyan ƙarin kuɗi a sanya shi, ko a yi masa rajista a GIFSHIP, shirin hukumar da mutum ko iyali ke biya wa kansu, ko a tsarin inshorar lafiya na Babban Birnin Tarayya.